Ranar da Hajiya tace min wannan ba jikin Alhaji bane

Ina da ɗan shagon montaj, wato haɗa bidiyo, a nan Garwa, ba wani babba bane, tebur biyu ne da kwamfuta biyu da fanka, ni da yaro ɗaya da nake koya ma aiki, yawanci bidiyon biki muke yi da suna da saukar Alƙur'ani, jefi-jefi tallan 'yan kasuwa. Aikin da zan baku labarin shi ya zo min ne a tsakiyar zafin Afrilu, wanda duk ya san Garwa ya san yadda garin yake a wannan wata, ita kanta kwamfutar zaka ji fankar cikinta na kuka tun safe.

Wata Hajiya ce 'yar unguwar mu, ƙawar mahaifiyata, ta aurar da autarta kuma mu muka ɗauki bikin. Bayan an watse da kwana biyu ta aiko a kira ni, na je na gaishe ta, sai ta miƙo min wata leda, ciki faifan VCD ne guda ɗaya da kle ɗaya, wato filash na USB, tace ɗana, baban yarinyar nan Allah bai nuna mishi wannan rana ba, ina so in an kunna bidiyon bikin a fara ganin shi tukuna kafin a ga kowa. Faifan na ranar sunan amaryar ne, shekara wajen 20 kenan, shi kuma kle ɗin ranar da Alhaji ya dawo daga Makka ne tun daga filin jirgin Garwa har cikin gida, asali a DVD yake amma faifan ya karce ya daina yi, Allah ya taimaka wani ya taɓa juye shi a kle tun da jimawa. Nace Hajiya insha Allahu an gama. A raina aikin yini ɗaya ne, ashe kwana 5 zai ci min.

Abun da ke gabana kenan: kamerar mu tana ɗauka a 1920x1080, hoto 25 a sakan ɗaya, kamera ta biyu da muka aro tana bada 1440x1080, sai kuma abun da dangi suka ɗauka da wayoyin su wanda Hajiya tace lallai a sa saboda akwai wuraren mata da mu bamu shiga ba, wasu a tsaye suka riƙe wayar wasu a kwance, akwai ɗaya ma mai 4K wato 3840x2160, sannan ga tsofaffin nan biyu.

Kuskuren farko nawa ne. Bidiyon da na fara ja na jefa a sekans, wato filin da ake jera bidiyoyin a manhajar montaj, shine na 4K ɗin, manhajar ta tambaye ni ko ta daidaita sekans da shi, ni kuma ina sauri na danna eh. Duk abun da na ɗora bayan nan sai ya fito ƙarami a tsakiyar baƙi, na kamerar mu kashi ɗaya cikin huɗu na ekran kawai ya cike, na VCD kuwa kamar kan sarki a jikin ambulan, ga kwamfutar tana ta ja da ƙyar. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba, na goge na buɗe sabon sekans da hannuna na sa 1920x1080 da 25, tunda mafi yawan aikin haka yake kuma tsofaffin ma 25 ne, na 4K na rage shi zuwa kashi 50 cikin 100 ya zauna cif. Na jera komai sama-sama, na sa bidiyon dawowar Alhaji a farko, na fitar da ɗan minti 3 a waya na kai wa Hajiya ta gani ko haka take so.

Ni ban san Alhaji sosai ba, ina ƙarami lokacin, abun da na gani a ekran dattijo ne dogo siriri cikin farar jallabiya yana gaisawa da mutane, ban ga wani aibu ba. Hajiya ta karɓi wayar ta yi shiru tana kallo, can sai tace ɗana tsayar min. Na tsayar. Tace wannan ba jikin Alhaji bane, lokacin da ya dawo Makka da ƙibar shi, fuskar shi a cike take, wannan ramar sai da ya kwanta ciwon ajali ya yi ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wallahi ban san lokacin da na karɓi wayar ba, na zo in faranta mata rai na tuna mata da kwanakin jinya, nace Hajiya ki gafarce ni, daga wajen aikina ne, ki bani kwana biyu.

Da na koma shago ban taɓa montaj ɗin ba, na fara buɗe fayil ɗin da MediaInfo, wata 'yar manhaja ce kyauta da ke karanto maka duk abun da ke cikin bidiyo, faɗi da tsawo da hoto nawa a sakan da irin matsin da aka yi mishi, kuma ita ya kamata in fara buɗewa tun ranar farko. Ta nuna min 720x576, siffa 5:4. Nan na tsaya, dan babu kamerar biki da ke ɗauka a 5:4, ko dai 4:3 na tsohuwar talabijin mai ƙeya ko 16:9 na mai faɗi. In ka raba 720 da 576 zaka samu 1.25, shi 4:3 kuwa 1.33 ne, 16:9 kuma 1.78, kenan hoton a matse yake, sai dai ban san ko matsin kaɗan bane ko mai yawa.

Bari in ɗan yi bayanin dalili dan sai da na fahimce shi sannan na iya gyara. Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, a waya da kwamfuta kowane ɗigo faɗin shi da tsawon shi ɗaya ne kamar tayil ɗin ɗaki. Amma a DVD da kaset ɗin MiniDV ba haka bane, a irin namu na nan ɗigon ya fi faɗi, kamar bulo da aka kwantar. Ka ɗauka magini biyu ne, kowa an ce ya jera 720 a kwance 576 a tsaye, ɗaya an bashi tayil ɗaya an bashi bulo, lissafin su ɗaya amma katangar mai bulo zata fi faɗi nesa ba kusa ba. Asalin abun tun 1982 ne da aka kafa ƙa'idar maida hoton talabijin zuwa dijital, aka tsaida 720 a kowane layi dan ya yi wa kowa, da ƙasashen da ke hoto 25 a sakan da su Amurka masu kusan 30. Mu nan Kamaru tsarin talabijin da ake kira PAL muka yi kamar Najeriya, layi 576, maƙwabtan mu na Chadi SECAM suka yi irin na Faransa amma yawan layin da yawan hoton duk ɗaya ne da namu, su Amurka kuma 720x480. Toh abun da ke rikita mutane shine 720x576 ɗin nan guda ɗaya shi ke ɗaukar 4:3 kuma shi ke ɗaukar 16:9, wata 'yar alama ce kawai a cikin fayil ke gaya wa na'ura yadda zata buɗe shi, in 4:3 ne ya koma kamar 768x576, in 16:9 ne ya koma kamar 1024x576. Wanda ya juye DVD ɗin Alhaji a kle, alamar nan ce ta salwanta a hannun shi, sai kowace manhaja ta ɗauki bulo a matsayin tayil. Ita manhajar bata yi laifi ba, abun da aka rubuta mata ta karanta.

Na fara gwada 4:3 saboda a tunanina tsohon bidiyo ai 4:3 ne. Ya ɗan buɗe, yarona yace maigida ai ya yi, nima idona yace ya yi, amma idon nan ne ya yaudare ni jiya dan haka ban yarda da shi ba. Komawa wajen Hajiya in dinga tambayar ta haka yake ko ba haka yake ba, wannan kuma bazan sake sa ta a ciki ba. Sai na shiga bin bidiyon a hankali ina neman wani abu da na tabbata zagayayye ne. Na ga faifai a kan ƙwarya amma a karkace kamerar ta same shi, na ga tayar moto a ƙofar gida ita ma a kaikaice, duk basa aiki, dole abun ya fuskanci kamera sosai. Sai can a falo, Alhaji na zaune ana ta shigowa yi mishi barka da sauka, bayan shi a bango ga agogo, irin zagayayyen nan, kuma mai ɗaukar yana tsaye daidai gaban shi. Na tsayar da hoton na ɗauko rula na ɗora a ekran. Tsawon agogon milimita 40, faɗin shi a yadda fayil ɗin ya zo wajen 28, da na sa 4:3 ya zama 30, har yanzu ƙwai ne ba agogo ba. Na sa 16:9. 40 da 40.

Na ɗago ido daga agogon na kalli mutumin da ke zaune ƙarƙashin shi, sai ga wani dattijo mai cikar fuska da faɗin kafaɗa yana dariya, kuma a take na ga kamannin amaryar a kumatun shi. Kusan kashi 30 cikin 100 na faɗin jikin bawan Allahn nan aka matse, shekara da shekaru haka kle ɗin yake.

Wajen gyaran ba wajen zum bane, kar ka kama gefen hoto ka ja da hannu kana kintace, akwai inda ake gaya wa manhaja siffar ɗigon fayil ɗin tun daga tushe. Masu Premiere na Faransanci irin wanda muka saba da shi a nan zasu same shi a Interpréter le métrage, masu DaVinci Resolve kuma a Clip Attributes, sai ka zaɓi PAL mai faɗi. Akwai abun da ya ɗan tsaida ni, na ga wani waje lissafin 1.42 ne wani waje 1.46, wato ɗaya na bada faɗin 1024 ɗaya 1050, ashe ainihin hoton ba duka 720 ɗin yake cikewa ba, wajen 702 ne, sauran 'yan siraran gefe ne da tsohuwar talabijin bata nunawa. Bambancin bai kai kashi 3 cikin 100 ba, rula ta ma da ƙyar take gane shi, na bar wanda manhajar ta bani na wuce.

Da na ƙara girman shi ya cike 1080, wato kashi 187.5, sai wata matsalar ta fito fili, duk inda hannu ya motsa sai ka ga gefen shi ya yi haƙora kamar zarto. Wannan daga yadda tsofaffin kamerori ke ɗauka ne, kowane hoto rabi biyu ne, layukan mara daban na cika daban, 50 a sakan, tsohuwar talabijin haka take nuna su ɗaya bayan ɗaya amma ekran na yanzu haɗe su yake yi lokaci guda. Na wuce da fayil ɗin ta manhajar juya bidiyo HandBrake na kunna Yadif, saitin da ke gyara wannan matsalar, haƙoran suka tafi. A nan kam na yi wa mai juyewar addu'a, dan bai canza girman hoton ba, da ya rage ko ya ƙara da layukan sun cakuɗe da juna babu mai raba su.

Ina cikin wannan na bar wa yaron VCD ɗin. Fayil ɗin DAT ne a cikin jakar MPEGAV ta faifan, VLC mai kunna bidiyo ya buɗe shi lafiya muka juya shi zuwa MP4, 352x288 ne, 4:3 na gaske. Na fita sallar la'asar na dawo na tarar ya ja shi ya cike ekran gaba ɗaya, yace maigida baƙin gefen nan ne bai yi kyau ba, mutane zasu ce bamu iya aiki ba. Ban yi mishi faɗa ba dan na san inda ya samo wannan, ko'ina ka shiga haka ake yi, a shagunan kallo da gidaje an saba ganin mutane sun yi faɗi har ido ya daina ganin laifin abun. Na zaunar da shi nace kalli Hajiya da jaririya a hannu, ka ƙara musu kashi ɗaya cikin uku na faɗi, jiya an rame Alhaji yau kai kuma ka kumbura matar shi, duk ƙarya ɗaya ce. Hanya biyu ce kawai ta gaskiya, ko ka yi zum har ya cike faɗin ka yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon hoton, huluna su tafi a sama ƙafafu su tafi a ƙasa, ko ka bar shi a 1440x1080 da fili 240 a dama 240 a hagu. A bidiyon suna inda malamai ke zaune a tabarma wasu kuma na tsaye a baya, in ka yanke sama ka yanke kan mutane, dan haka muka bar gefen.

Sai dai layi 288 in ka kai shi 1080 ka ninka shi kusan sau huɗu kenan, kashi 375, fuskoki sun zama dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin hazon hunturu. Abun da kamera bata ɗauka ba babu inda zaka samo shi. Na gwada ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake cewa suna gyara tsohon hoto, a kan hoto ɗaya tak, ya fito tas gwanin kyau, amma idanun da ta sa wa Alhaji ba nashi bane, na kwatanta da na bidiyon Makka na ga ba shi bane, ƙirƙiro su tayi. Ga fuskar mamaci da iyalin shi zasu kalla ni bazan yi wannan ba ko da kuwa an ce aikina bai fita ba. Abun da nayi shine na rage girman shi zuwa 960x720 a tsakiya, na ɗauki hoton atamfar ankon bikin na duhunta shi na shimfiɗa a baya, da ya ƙanƙance sai ya fi kyan gani, kuma filin da ya rage bai zama baƙi wuluk ba.

Kamerar aro mai 1440x1080 bata bani wahala ba ko kaɗan duk da ita ma bulo ce, ɗigon ta 1.33 ne, amma alamar ta na nan a cikin fayil, tana shiga ta buɗe zuwa 1920 da kanta. Na nuna wa yaron su biyun gefe da gefe dan ya ga bambancin fayil mai alama da wanda tashi ta ɓata.

Na wayoyi kuma nasu daban. Bidiyon tsaye 1080x1920 ne, in ka sa shi cikin ekran kwance faɗin shi 608 kawai yake ci, in kace sai ya cike to abun da zai rage maka bai kai kashi ɗaya cikin uku na hoton ba, daga haɓa zuwa goshi. Dabarar da kowa ke yi ita ce a ɗora kwafin shi a baya a yi mishi fulu, wato a maida shi dishi-dishi, nayi hakan a wurare biyu, amma wajen lalle da kamu inda mata uku suka ɗauki abu ɗaya daga kusurwa daban-daban sai na jera ukun a ekran ɗaya, 608 sau 3 ya bada 1824, ya shiga cikin 1920 har da ɗan fili tsakani, kuma wannan wajen ne matan suka fi so daga baya. Guda biyu sun shigo a kwance kan mutane na kallon bango, waya na ajiye alamar juyi ne a cikin fayil kuma wanda ya fara ɗauka kafin ya daidaita wayar haka zata zauna, na juya su digiri 90. Wani dogon bidiyo na waƙar 'yan mata kuma sauti ya dinga zamewa, a farko daidai, kafin minti 6 tafi ya riga hannu, dan waya bata riƙe yawan hoto ɗaya a sakan, tana hawa tana sauka musamman in haske ya yi ƙasa, shi ma HandBrake na sa ya tsaida shi a 25. Waɗanda aka turo min ta manhajar hira kuwa sun iso a ragargaje dan ni ban gaya musu su turo a matsayin dokima ba, wato fayil yadda yake ba tare da an matse shi ba, na bi su ɗaya-ɗaya, wadda ke Ngaundere ta sake turowa da dare da rezo, wato netwok, ya yi kyau, biyu da ke gari yaron ya hau moto ya je ya kwaso da kebul, ɗaya ta riga ta goge na asalin, haka na haƙura na sa shi ƙarami.

Na fitar da aikin a 1920x1080, na yi wani gajere daban a sekans na tsaye 1080x1920 saboda masu sa wa a status na WhatsApp, a cikin shi ban yanke Alhaji dan ya cike ekran ba, na bar shi a tsakiya da faɗin shi. Kafin in tafi gidan na zana farin zagaye a kan baƙi na sa a kle ɗin, dan na san talabijin ma tana da nata saitin. Ilai kuwa ina kunnawa a falon Hajiya zagayen ya fito da sama da ƙasa a yanke, an bar ta a zum, na karɓi rimot na maida ta 16:9, na auna da rula ta, sannan nace a kira Hajiya.

Ta zauna, 'ya'yan suka zauna a ƙasa, amaryar ma an kawo ta. Da aka zo wajen falon nan da agogo Hajiya tace tsayar, gabana ya faɗi, sai tace haka yake, wannan shine baban ku, Allah ya jiƙan shi, duk ɗakin aka amsa da amin. Ta daɗe tana kallo sannan ta juyo tace ɗana, wannan wajen za a iya wanke min shi a takarda? Nace za a iya Hajiya amma ƙarami, in aka yi babba zai watse, irin 10x15 ɗin nan na albom shine iyakar shi. Tace ya ishe ni.

Takardar 10x15 siffar ta 3:2 ce ba 16:9 ba, dan haka da na koma shago na yanke gefe da gefe da kaina ya koma 864x576, na bar Alhaji da agogon a ciki, washegari na kai wajen mai wanke hoto nace kar ya taɓa girman komai, na tsaya a kan shi har takardar ta fito, na ciro rula na auna agogon, sannan na biya shi na kai mata.